Tafin Hannun Baba a Kan Tebur

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, kuma tsayuwar nan taka ta wurin aiki tun safe har yamma ba ta ƙarasa maka gwiwoyi ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku a inda kuke, Ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara ya warke daga ciwon bayan nan, har ya koma hawan babur ɗinsa, ba ya jin maganar kowa. 'Yar lelenka ta zubar da haƙoran gaba biyu, ta hana a ɗauki hotonta sai sun fito. Gwaggo kuwa tana nan tana rigima da maƙwabta a kan magudanar ruwa, ka san idan ka ji haka to lafiyarta ƙalau.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da ko saƙon waya sai an yi ta bina. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka ina ajiyewa, don na san muryata ba za ta kai ni ƙarshen maganar ba. Auta ya kira ka ran Asabar yana murna, ya ce maka Baba ya ci gwaji, ba za a rufe shago ba. Gaskiya ya faɗa, amma rabin labarin ke nan. Sauran rabin ni kaɗai na gani, kwana huɗu ke nan yana hana ni sakewa.

Ka tuna yadda aka fara. Tun bayan rasuwar Mama Auta yake kawo ƙarar Baba: mutane su yi sallama a bakin shago ya ƙi amsawa, butar shayi ta yi ta kuka a kan risho har ta ƙone yana zaune, ran nan kuma ya tsallaka titi mota na ta danna masa hon ko waiwaye bai yi ba. Auta ya yanke hukuncinsa, wai tsufa ya fara taɓa kan Baba. Kai ma ka ce min abin yana cin ranka, duk lokacin da ka kira sai Baba ya ce lafiya lau sau biyu ya miƙa wa na kusa da shi wayar, har ka tambaye ni ko laifi ka yi masa. Daga nan ka ce idan dai ba ya iya aikin, a mayar wa mai gida ɗakinsa tunda mai yankan makulli na gefe ya daɗe yana so, Baba ya dawo wajenka ya huta. Ban yi maka musu ba a lokacin. Amma ni ce nake kai masa abinci kullum da rana, na san mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran kayan sauti a ɗaki ɗaya, in ka karɓe masa makulli ba hutu ka ba shi ba.

Ana cikin haka sai tsohon likitan haƙorin nan ya zo, wanda ke tara fayafai, ya rungumo firiyam ɗinsa a cikin tawul. Kai da ka gudu daga shago tun kana firamare, bari in tuna maka abin da ake nufi. Firiyam shi ne ƙaramin akwatin da ke karɓar sauti daga na'urori daban-daban, ya zaɓi guda, ya miƙa wa babbar amfilifaya, ita kuma ta tura wa sifika. A bayansa akwai ramukan jona waya, waɗanda Baba ke kira ƙofofi: ƙofar sidi, ƙofar rediyo, ƙofar kaset, sai ta huɗu da ba ta kowa ba ce, wadda yake kira ƙofar ko-ta-kwana. Ta garmaho daban take, ita ba a haɗa ta da kowa don sautin allura siriri ne, sai an kumbura shi. Amma waɗannan huɗun, a takardar kamfani duk ɗaya suke. Likita ya ce shi fa in ya jona sidinsa a ƙofar sidi sai ya ji kiɗan ya rame, in ya mayar ƙofar ko-ta-kwana sai ya ji ya cika. Ya ce matarsa ta ce masa kunnensa ne, shi ya sa ya kawo wa Baba ya raba musu gardama.

Baba ya jona, ya saurara yadda ya saba, ya ce Likita ya yi gaskiya, ƙofar sidi tana cinye kaurin sautin. To, Auta yana nan, ya biyo daga ofis da rigarsa mai guga. Ka san shi tun da ya karɓo takardar injiniya ba a gama magana a gabansa. Ya ɗauko wayarsa ya sa wata ƙara mai tsini, ya auna ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da mitar Baba, allurar mitar ta tsaya wuri guda sau huɗu. Sai ya ce, a gaban baƙo fa, wai babu wani bambanci, ƙofa ƙofa ce, tagulla ce da waya, abin da ya rage tunanin tsofaffi ne. Wallahi Yaya sai da na ji kamar in kwaɗa masa kwanon abincin da ke hannuna. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce masa a takarda ɗaya suke, amma a cikin akwati kowace da hanyarta: wata tana bi ta makunnin kaset kafin ta iso, wata doguwar hanya take zagayawa kusa da wuta, wata kamfani ya sa mata kafasita a baki, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki da sauti ke ratsawa, saboda ƙarfin sidi ya fi na rediyo, wata kuma kai tsaye take shiga. Ya ce abin da ya shekara talatin yana aiki ba ya tsufa gaba ɗaya, wani gefen yakan riga wani. Auta ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya ce to a gwada mana.

Ba Auta ne ya sa makulli a ciki ba, wannan kam sai in yi masa adalci. Baba ne da kansa. Ya zaro makullin shago daga aljihu ya ajiye a kan firiyam ɗin, ya ce ya san abin da ake ƙullawa a bayansa, ya san an yi waya da kai. Ya ce a kunna masa sau goma ba ya gani, shi zai riƙa faɗin ko ƙofar sidi aka jona ko ta ko-ta-kwana, in ya kuskure fiye da biyu, Auta ya ɗauki makullin ya kai wa mai gida, shi kuma zai haɗa kayansa. Na roƙe shi ya bar wannan magana, ko kallona bai yi ba. Ya kuma hana a buɗe akwatin sai bayan gwajin, ya sa Likita ya koma da shi gida don kada a ce ya taɓa wani abu. Aka sa ranar Asabar da hantsi.

Kwana ukun nan ban gane kaina ba. Na ƙona tukunya sau biyu, na yi wa yara faɗan da ba su ci ba. Na kira Auta na ce ya janye, ya ce min shi ma ba daɗi yake ji ba, amma gara a sani yanzu da a jira ranar da mota ba za ta taka birki ba. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Ran Asabar Auta ya zo da shirinsa tsaf, ka ce jarrabawar jami'a za a yi. Ya rubuta jerin goma a takarda tun daga gida, ya ba Likita ya riƙe ya riƙa sa alama. Ya ɗauke firiyam da na'urar sidi ya ɗora su a kan kujera can bayan Baba, shi kuma Baba ya sake ajiye makullin a kan firiyam ɗin. Ya daidaita ƙarfin sautin da mita don kada wata ƙofa ta fi wata ƙara. Ya ce kowane zagaye sai ya zare waya ya mayar, ya murɗa mazaɓin gaba da baya, ko da ba a canza ƙofa ba, don kada ƙarar makunni ta ba da satar amsa. Baba kuma zai zauna a kujerarsa yana fuskantar bango, ba waiwaye har a gama. Abu ɗaya kawai Auta bai taɓa ba, wato sifika biyun nan na katako, ya bar su inda suke tun muna yara, ɗaya a wannan ƙarshen teburin aiki ɗaya a wancan. Baba ya zauna a tsakaninsu, ya shimfiɗa tafin hannunsa na dama a kan tebur kamar yadda yake yi kullum.

Aka sa wani kiɗa mai babbar ganga, rabin minti, aka tsayar. Baba ya ce ko-ta-kwana. Ina tsaye bayan Likita ina leƙen takardar, na ga ya sa alamar daidai. Na biyu, sidi, daidai. Na uku, na huɗu, na biyar, duk daidai, ko jinkiri ba ya yi. Ni kaina na kasa kunne iya ƙarfina ban ji wani bambanci ba. Auta ya fara goge gumi da bayan hannu, mai yankan makulli ya kashe injinsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin ya yi zafi don an kashe fanka saboda ƙararta. Na ga wuyan rigar Baba ya jiƙe, ya yi tari sau biyu, sai tausayinsa ya kama ni, na zuba ruwa a kofi na miƙa masa ta gefe.

Nan ne na kusa kashe shi da hannuna, Yaya. Ka san dokar Baba, ba a ajiye ruwa a kan teburin aiki, kai ma ka sha rankwashi a kanta. Ya kurɓa, ba inda zai ajiye, an kuma hana shi juyawa, sai ya riƙe kofin da hannu biyu a ƙirjinsa. Auta bai jira ba, ya kunna na shida. Kiɗa ya tsaya, Baba ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har Likita ya ɗago kai. Can ya ce sidi, da wata murya da ban san shi da ita ba. Kuskure. Aka kunna na bakwai, ya sake yin shiru, ya ce ko-ta-kwana. Kuskure kuma. Biyu sun tafi, saura uku, kuma ko ɗaya ya sake faɗi shi ke nan. Na ga Auta ya kalli makullin da ke kan firiyam ya kawar da kai, fuskarsa ba ta mai murna ba ce ko kaɗan. Ni kuwa ina ta maimaita hasbunallahu a zuci.

Ban san dalili ba a lokacin, na dai ga ruwan yana karkarwa a cikin kofin, sai na miƙa hannu na karɓe. Hannunsa na dama ya koma kan tebur da sauri, ya baje yatsu ya danna katakon. Aka kunna na takwas. Wannan karon ban saurari kiɗan ba, hannun na tsura wa ido. Duk bugun babbar gangar sai in ga ƙananan sukurori a cikin murfin gwangwani suna ɗan motsi kusa da yatsunsa. Kafin kiɗan ya gama ya ce ko-ta-kwana. Daidai. Na tara, daidai. Kafin na goma Auta ya daɗe yana zare waya yana mayarwa, sai da Likita ya ce masa ya yi mana a gama. Aka kunna, aka tsayar, Baba ya ce sidi. Likita ya ajiye biro ya ce takwas cikin goma.

Sai a lokacin Baba ya juyo. Ya jawo firiyam ɗin ya kwance murfi, ya nuna wa Auta ƙananan kafasita biyu a bakin ƙofar sidi, sun bushe, ɗaya har ta kumbura. Ya ce masa ya sake aunawa, amma ba da ƙarar nan mai tsini ba, ita ko ta ramin allura za ta wuce, ya sa mafi kaurin sautin da wayarsa ke da shi. Auta ya sa, allurar mita ta tsaya a ƙofofi uku, a ƙofar sidi ta zube ƙasa. Ya durƙusa nan a gaban kowa ya ba Baba haƙuri, ya ɗauki makullin da hannu biyu ya miƙa masa. Baba ya ce ya tashi kada ya ɓata wandon ofis. Cikin minti ashirin ya narka dalma ya canza kafasitocin, Likita ya naɗe akwatinsa a tawul ya tafi yana cewa yau matarsa za ta ji labari. Auta kuwa ya fita waje ya kira ka, abin da ka ji ke nan.

Aka bar ni da Baba mu biyu. Yana share teburi ya ba ni baya, ɗakin shiru, ba kiɗa ba fanka. Na ce Baba. Bai juyo ba. Na ɗaga murya na sake kira, taku uku ne fa tsakaninmu. Na uku har mai yankan makulli sai da ya leƙo. Sai na ɗauki gwangwanin sukurori na sake shi a kan siminti, ya tarwatse da ƙarar da ta firgita ni kaina, Baba yana ta share teburinsa. Sai da wani sukuru ya gangara ya bugi takalminsa sannan ya duba ƙasa, ya juyo ya ga fuskata. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Kin gani ko?" Na gyaɗa kai.

Ya zaunar da ni a kujerar baƙi ya ce in fuskance shi. Ya ce shekara biyu ke nan. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma kamar mutum yana cikin ruwa ana magana a waje. Bakin mutane yake kallo, shi ya sa in ka yi masa magana ta baya ko ta waya babu abin da yake kamawa. Aikin kuma da mita yake yi da ido da hanci, sai tafin hannun nan, wanda ya ce tun yana saurayi ya saba jin kaurin sauti da shi, bai san wata rana shi kaɗai zai rage masa ba. Na ce don me bai faɗa ba, ya bar mu muna zargin hankalinsa? Ya ce gara a ce masa mai taurin kai da a ce masa kurma, don babu mai kawo wa kurma gyaran kayan sauti. Na yi kuka, Yaya, kukan haushin kaina. Kullum ina zaune a gabansa yana cin abinci yana kallon bakina, ni ina ɗauka kulawa ce.

Da na ɗan natsu na gaya masa yadda kake ji, cewa kana ganin fushi yake da kai. Wannan ya fi komai dukansa, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Ki rubuta masa. Ki ce ba fushi nake ba, muryarsa ce ba na ji, kuma ba na so ya yi ta magana shi kaɗai yana zaton ina saurare." Sai na tuna saƙon muryar da ka turo min ran Talatar makon jiya, wanda kake ta faɗa a kan maganin hawan jininsa. Na ce ya ba ni wayar haɗi, na jona wayata a ƙofar ko-ta-kwana ta tsohon firiyam ɗin shago, na murɗa ƙara sosai. Muryarka ta cika ɗakin. Baba ya ɗora hannu biyu a kan tebur ya rufe ido. Ya ce kalmomin ɗaya-ɗaya yake tsinta, amma ya san kai ne, kuma muryarka ta yi kauri, ta koma irin ta mahaifinsa. Sau huɗu ya sa na maimaita masa faɗan naka.

To ka ji sauran rabin. Kai ne babba, ba zan ɓoye maka abin da ya shafi ransa ba, don maganar titin nan gaskiya ce, ba ƙirƙirar Auta ba ce. Amma ga nawa ra'ayin, kuma ba zan sassauta shi ba: kada ka karɓi makullin nan. Hankalinsa ya fi namu duka, ya nuna a gaban shaidu. Na samu ya yarda mu je wajen likitan kunne ran Alhamis, da sharaɗin ni kaɗai zan raka shi. Baban yara ya ɗauki nauyin kai shi shago da safe ya ɗauko shi da yamma, ba zai ƙara tsallaka titi shi kaɗai ba. Rishon kuma na kwashe shi, shayi a fulas zan riƙa kai masa. Auta bai sani ba tukuna, Baba ya ce shi zai gaya masa da bakinsa, don haka ka riƙe naka. In bayan duk wannan ka ga dole sai ya dawo wajenka, to ka zo da ƙafarka ka zauna a gabansa ka faɗa masa yana kallon bakinka. Ni dai ba zan kai masa wannan saƙon ba.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce mata na ga ɗinkin, ya zauna min daidai. Ka shafa min kan 'yan biyu, da babbar yayarsu mai jarrabawa, Allah Ya ba ta sa'a. Gwaggo tana gaishe ka, baban yara ma haka, 'yar lelenka ta ce a gaya maka haƙoran sun kusa. Allah Ya jiƙan Mama, Ya bar mana Baba, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Jiya da na kai abinci na tarar bai zare wayar haɗin da na jona ba. Ya manna 'yar farar takarda a saman ƙofar ko-ta-kwana, ya rubuta "Babbansu" da biro, ya ce daga yau ba a jona komai a nan sai kai. Ya tambaye ni ko ka turo wani saƙon muryar, na ce tukuna. Don Allah ka turo, mai tsawo, ka yi magana a hankali, ko faɗan ne ma.

Taka ƙanwa,
Mai kai abincin rana